Motar da ke Gyaran Murya

Marigayi Malam Abdulmuttalib ya bar wa ɗansa Ƙasim littattafai buhu uku, da makarantar Islamiyya mai aji huɗu a Gwarzo, da wata tsohuwar mota ruwan toka da wani ɗalibinsa ya ba shi kyauta tun zamanin soja. Littattafan ba su taɓa jawo wa kowa magana ba. Makarantar ma lafiya lau. Motar ce dai.

Wata biyu bayan rasuwar Malam, wani abu ya tsage a gefen injinta. Tun daga ranar, duk sa'ad da Malam Ƙasim ya ɗaga ƙafa daga totur zai tsaya, sai motar ta yi gyaran murya. Ba irin ƙarar fasasshiyar salansa da kowa ya sani ba. Gyaran murya sosai, na dattijo, mai hawa biyu: gajere tukuna, sannan dogo mai kauri da ke gangarowa ƙasa yana gurzawa. Duk wanda ya taɓa zama gaban Malam Abdulmuttalib ya san wannan sauti. Da shi yake shiga gida, da shi yake tsayar da mai karatu in ya yi tuntuɓe, da shi kuma yake sallamar baƙon da ya zauna ya manta hanyar gidansu.

Shekara biyar ana haka ba wanda ya ɗaga maganar. Sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, lokacin da kowa a gari ya buɗe kunne yana neman abin da zai gyara a gidan maƙwabcinsa. Nan aka lura cewa in motar ta tsaya a bakin layi, matan gida uku ne ke zabura su rarumi mayafi, suna tsammanin namiji ya shigo zaure. Su jira, su jira, ba kowa. Abin da ya ƙarasa lamarin kuwa, wata magariba ce da Malam Ƙasim ya makara, ya tsaya a jikin masallaci liman na tsakiyar sura. Limamin nan shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗaukar karatu wurin marigayi. Yana jin sautin ya tsaya cak, ya koma farkon aya. Bai ga kuskure ba, sai ya koma farkon sura. Tsofaffin sahun gaba sun ce ba su taɓa yin magariba mai tsawon wannan ba.

Washegari Malam Zayyad ya yi sallama. Shi ne shugaban kwamitin sa-kai na unguwa, mutum ne da ya ɗinka wa kansa riga mai aljihu huɗu, kowane aljihu da biro.

"Malam Ƙasim, ba mu da ja da motarka a matsayinta na mota," in ji shi bayan sun gama gaisuwa. "Amma gyaran murya neman izini ne. Wanda ya nemi izini kuwa, ko dai ya shiga ko ya koma. Ita ba ta shiga, ba ta komawa. Tana tayar wa matan mutane hankali, tana gyara wa liman karatun da bai ɓata ba. A gaban wa ta yi karatu?"

"Allah ya gafarta Malam, ƙarfe ne ya tsage."

"To a ɗinke shi."

Malam Ƙasim mutum ne da bai iya musu ba. Dogo ne siriri, muryarsa ma siririya, ga ladabi har ya yi masa yawa. Ya ce to. Masu walda biyu na Gwarzo sun taɓa gwada sa'arsu a wurin shekarun baya, kowanne ya lafta masa ƙarfe ya ce an gama, kafin a kai gida ta koma gyaran muryarta har da ƙari. Kowa ya ce masa wannan aikin Dabo ne, na Kabo.

Rumfar Dabo tana bayan tashar mota. Ya koyi waldar silba ne a wurin aikin wani dam, ƙarƙashin wani baƙon injiniya da ba ya jin Hausa, shi kuma ba ya jin yarensa, suka shekara uku suna aiki da nuni da harara. Hararar ce ya fi riƙewa. Ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo, sannan ya nuna da ƙarshen sukudireba.

"Ka ga nan? Bututu huɗu, kowanne ya fito daga bakin inji, sun haɗu sun zama ɗaya sun tafi salansa. Shi ake ce wa manifol. Na asalin ya mutu tuntuni, wani ya ƙera wannan da silba, kuma ya iya. Wa ya taɓa shi daga baya?"

"Wasu bayin Allah ne a Gwarzo."

"Bayin Allah ne kam. Amma ba masu walda ba ne."

Malam Ƙasim ya leƙa cikin bonet. "Ka ce silba? Azurfa ke nan? Don ka san namiji…"

"Malam, da azurfa ce da ba ka taɓa wayar gari ka iske motar a inda ka ajiye ta ba. Ƙarfen da ba ya tsatsa ne, irin na kwanon da kake cin tuwo."

Wutar lantarki ta yi sati biyu ba ta leƙo Kabo ba, gidajen mai kuma duk an ɗaure musu igiya a ƙofa. Don haka aka zura tiyo a tankin motar aka tsotso wa janareta abin da zai sha. Dabo ya kwance manifol, ya kankare duk tulin da mutanen Gwarzo suka lafta, yana tsaki ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro wani burushi daga cikin leda ya goge bakin tsagar har ta yi ƙyalli. Malam Ƙasim ya miƙa hannu zai taimaka da wani burushin da ke ƙasa, Dabo ya daka masa tsawa.

"Ajiye! Wannan ya taɓa baƙin ƙarfe. In ya shafi silba sau ɗaya ya sa mata tsatsa, ba ta wankuwa."

Wannan kam Malam Ƙasim ya gane shi sarai, babin tsarki ne, ya sha karantar da shi.

Dabo ya ɗaure manifol da kusoshi a kan wani faifan ƙarfe mai kauri don kada zafi ya murɗe shi. Ya toshe bakunan bututun duka da takardar siminti da salatif, ya bar 'yar kafa guda. Sannan ya yaye bargon da ya lulluɓe wani dogon tulun gas a kusurwa, da irin natsuwar da ake buɗe akwatin gado. Iskar agon ce a ciki, in ji shi, sai a Kano ake samunta, a Kanon ma sai an san mutum. Ya zura siririn tiyo ya cika cikin bututun da ita.

"Waje kowa na iya gyarawa, tunda ido na gani," ya ce. "Ciki fa? In iskar duniya na ciki ka sa wuta, bayan ɗinkin zai yi ƙanzo, baƙi, mai kaushi. Daga nan sabuwar tsaga ke farawa. Wannan iskar ita ke korar waccan."

Ya ɗiga walda wuri huɗu don ta kama. Ya ja ɗinki tsawon gaɓar yatsa, ya tsallaka ɗaya gefen ya ja wani, sai ya kashe wuta ya zauna ya ɓare goro. Malam Ƙasim ya zaci an gama.

"Silba riƙo gare ta," in ji Dabo. "In ka ba ta zafi ba ta saki da wuri. Ka matsa mata, ta murɗe, ta yi toka-toka, ta ci amanarka bayan wata uku. Sai ka bi ta a hankali."

Haka aka yini, ɗinki kaɗan, zama da yawa. Da aka gama, layin waldar ya fito sumul, launin busasshen kara, Dabo ya ce wannan launin shi ne shaidar ba a ƙona ta ba. Aka mayar aka ɗaure. Da aka tayar da motar, sau biyu Malam Ƙasim yana kai hannu ga makulli, yana tsammanin ta mutu. Ya isa Gwarzo ya tsaya a ƙofar gida shiru, ko kazar da ke kwance a gindin bango ba ta tashi ba. Malam Zayyad ya zo da kansa ya sa aka tayar aka kashe sau uku, ya kara kunne, ya ce alhamdulillahi, ta shiryu.

A daren nan Inna Fatsuma, mahaifiyar Malam Ƙasim, ta ce ba ta jin yunwa. Tsohuwa ce da idonta ya rufe shekara bakwai da suka wuce, amma bakinta da kunnenta ba abin da ya same su, cinta ma ba laifi. Washegari ta kurɓi koko sau ɗaya ta ture. Da dare aka kai tuwo aka dawo da shi yadda aka kai. Malam Ƙasim ya sayo tsire, ya aika aka damo fura da nono mai kyau, ya kira wani malamin asibiti ya auna ta ko'ina ya ce bai ga komai ba. Ran kwana na uku a zaune ta yi salla. Ran na huɗu sai da aka riƙe ta.

Matarsa Sa'a ce ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, kai kullum a cikin motar kake, ba ka taɓa ganin abin da ake yi a cikin gida in ka iso ba. Tun da Baba ya rasu, tuwon Inna a rufe yake zama a gabanta. Sai motar nan ta yi abin da take yi a ƙofar gida, sannan ta ce in miƙo ruwan wanke hannu. Ko sau ɗaya ba ta saɓa ba."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"Ka ce min za ka Kabo. Ba ka ce za ka rufe mata baki ba."

Ya shiga ɗakin Inna ya durƙusa a gefen tabarmarta. Ta rame a kwana huɗun nan har wuyanta ya fito. Ya yi ta kame-kame, can ya ce, "Inna, mota ce fa. Ƙarfe ne ya tsage."

"Na san mota ce," ta ce. "Ka ɗauka na zare ne? Ina zaune a nan aka fita da shi. Amma shekara arba'in da ɗaya ban taɓa cin na dare ba sai ya shigo. Ni na san ya tafi. Hannun ne bai sani ba."

Ta kai hannun bakin kwano don ya gani. Ya tsaya a can kamar na wani, ya dawo kan cinyarta.

"In kuma ban ci na dare ba, na safe ba ya wucewa," ta ce. "Ka bar ni, ba ciwo nake ba."

Malam Ƙasim ya fita zaure, ya duba hagu da dama ba kowa, ya cika ƙirji ya yi gyaran murya iyakar ƙarfinsa. Daga cikin gida ya ji muryar Inna a raunane tana cewa, "Sa'a, kai wa wancan ruwa, ya ƙware."

Tsoro ya kama shi sosai. Uwarsa za ta mutu saboda ya gyara mota, kuma ba malamin da zai kai wa wannan tambaya ya samu amsa a littafi.

Da sassafe ya bi 'yan bumburutu kusurwa-kusurwa har ya samu ɗan galan guda, ya juye a tanki, ya kama hanyar Kabo. Dabo na ganinsa ya miƙe da fuskar faɗa.

"Ta tsage? Ƙarya ne. Aikina ba ya tsagewa."

"Ba ta tsage ba. So nake ka tsaga ta."

Dabo ya dube shi tun daga hula har takalmi, ya tambaye shi ko rana ce ta buge shi a hanya. Shekara ashirin yana toshe ɓula, yau a zo a ce ya ɓula aikinsa da hannunsa? Ga masu walda nan birjik a Gwarzo, ɓarna ai sana'arsu ce, ya je can. Malam Ƙasim ya bari ya gama, sannan ya ba shi labarin Inna tun daga farko, har da hannun da ya je bakin kwano ya dawo.

Dabo ya tofar da goron bakinsa.

"Kwamitinku fa?"

"Su kai mu gaban alƙali, ni da motar."

"Tsagar da ta shekara biyar tana girma kake so in yi maka a yini ɗaya," in ji Dabo, amma ya riga ya ɗauko sifana. "To yaya sautin yake? Ran da ka zo ban saurara ba, ciwon nake nema. Yi min in ji."

Malam Ƙasim ya yi.

"Ba haka ba ne."

Ba Dabo ne ya faɗa ba. Wani tsoho ne mai faifan goro a bakin rumfar, ana ce masa Bappa, mutumin ƙauyen Kara. Ashe ya yi karatun damina uku a zauren marigayi yana saurayi, kuma an tsayar da shi da wannan sauti fiye da yadda zai iya ƙirgawa.

"Kai daga wuya kake ɗaukowa," in ji Bappa. "Malam daga ƙirji yake tasowa da shi. Na farkon tambaya ne, na biyun hukunci. Ji nan."

Bappa ya yi nasa. Wani direba da ke jiran lodi ya ce a'a, na biyun ya fi haka tsawo, shi ma ya yi nasa. Kafin hantsi ya ɗaga, duk wanda marigayi ya taɓa gyara wa karatu a faɗin tashar Kabo ya hallara, kuma ba kaɗan ba ne. Maza goma sha wani abu sun kewaye mota suna gyaran murya, kowa na ƙaryata na kusa da shi. Mai fura da ke tsallaken hanya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta buɗe, ta sake rufewa, daga baya ta ɗauki ƙwaryarta ta bar wurin. Wata motar haya ta shigo tasha, direban ya leƙo ya saurara, ya ce annoba ce, ya wuce da fasinjansa.

Bappa ne ya raba gardamar. Ya ce duk cikinsu ba mai maƙogwaron sai ɗan marigayin, gado ne, horo kawai ya rasa. Aka tsara aiki: Dabo ya yanka, a tayar da mota, Malam Ƙasim ya sunkuya kan inji ya yi nasa kusa da nata, Bappa ya rufe ido ya auna su biyun da abin da ke kansa, ya gyara wa kowanne.

Ɓular farko zagayayya ce, da abin huji aka yi ta. Ta yi fito kamar buta a kan wuta. Dabo ya toshe ta, ya tsaga siririn layi da zarto. Wannan ta yi kukan rago, har wani na ainihi ya amsa daga bayan tasha. Ta uku ta yi gyaran murya kam, amma na mai karɓar kuɗin rumfa, 'yan tireda uku suka fara tattara kaya kafin a ba su haƙuri. Ga wata masifar kuma: silba na buɗewa in ta ɗau zafi, sautin da ta yi da sanyi ba shi take yi da ɗumi ba. Tunda kuwa da zafinta za ta isa Gwarzo, kowane gwaji sai an bar inji ya yi ta aiki har ya gasu. Janareta na sha, mota na sha, duk daga tanki ɗaya.

"Ƙasa, Malam Ƙasim, ƙasa!" Bappa ke cewa. "Kada ka roƙe shi, ba bara kake ba. Sake."

Ya sake. Hayaƙi na dukan fuskarsa, idonsa na ruwa, ya sake. Wajen azahar an samo hawa biyun, don Dabo ya gano tsagar asali biyu ce, ƙarama a wuyan bututun farko, babba a inda huɗun suka haɗu. Tsawo ya yi, kauri ya yi. Amma Bappa ya girgiza kai.

"Wannan Malam ne yana ɗan shekara talatin. Babu gurzar nan ta ƙarshe. Ba tsakuwa a ciki."

Dabo ya zauna a kan tsohuwar taya ya riƙe kai. Can ya tashi ya tono tarkacen da ya kankare kwana biyar da suka wuce daga cikin shara, ya juya wani guntu a tafin hannu. Bayansa baƙi ƙirin, kaca-kaca da ƙanzo.

"Inna lillahi," ya ce a hankali. "Aikin mutanen Gwarzo ne. Ƙanzon da suka bari a ciki, shi hayaƙi ke gogawa in zai fita. Shi ne tsakuwar."

Dabo ya je kusurwa ya ɗaure bakin tulun agon tamau, ya lulluɓe shi da bargo, ya ƙara buhu a kai, kamar ba ya so ya gani. Ya ɗauko burushin ƙasa, wanda ya taɓa baƙin ƙarfe. Ya ƙara wa injin walda wuta fiye da kima. Ya kafa bakin walda a gefen tsagar, babu toshe baki, babu tsallakawa, babu zaman goro, ya yi ta narka silba har ta yi ja, ta yi toka, ta yi baƙi. Yana yi yana istigfari a bayan gilashin fuska. Mutumin ya ji ciwon abin nan har ransa, kuma bai tsaya ba sai da ya ɓata shi yadda ya kamata.

Bayan la'asar aka ɗaure aka tayar. Aka jira ta gasu. Malam Ƙasim ya taka totur, ya ɗaga ƙafa.

Bappa bai san sa'ad da ya zame daga kan benci ya tuɓe takalmi ba. Direban nan ya cire sigari daga baki ya ɓoye a bayansa. Shi kuwa Malam Ƙasim ya kifa goshi a kan sitiyari, don ubansa ne, ba ragi ba ƙari, kuma sai yanzu ya san ya yi kewarsa.

Dabo ya rufe bonet ba tare da ya kalli aikin ba.

"In an tambaye ka wa ya yi, ka ce a Gwarzo aka yi maka. Tafi, rana na yi."

Ya kama hanya, ƙafarsa a kan totur daidai wa daida, ba ya yarda ya ɗaga, kada ya ɓarnatar da sautin a kan jakuna da masu keke. Allurar mai ta daɗe da mutuwa, don haka bai san abin da ya rage ba sai dai ya yi ta addu'a. Ya hango rufin kwanon Gwarzo ke nan motar ta fara shessheƙa. Ta ja, ta saki, ta ja. A gefen wata gonar dawa ta yi gyaran murya guda, cikakke, mai kyan da ba a taɓa ji ba, ta mutu. Ba wanda ya ji sai dawar.

Ya murɗa makulli har batir ya fara kasawa. Ya buɗe tanki ya sansana, ko warin kirki babu. Akwai teburin ɗan bumburutu a gaba kaɗan, ya ruga, ya iske galan-galan a kife, mai su ya ce ko na ɗiga a ido babu, sai ko jibi in tanka ta zo. Wasu manoma biyu da ke komawa gida suka ajiye fartanya suka kama masa turi. Sun yi nisa suna haki kafin ya tuna motar da ake turawa ba ta da murya. Ya yi musu godiya da hannu, ya kulle ta a gefen hanya, ya taka da ƙafa.

Jibi. Inna ba ta da jibi, shi ya sani. Tun yana sauri har ya koma jan ƙafa, don bai san abin da zai shiga ya ce mata ba. Rana ta yi ja sa'ad da ya iso ƙofar gida, riga duk baƙin mai, hula a hannu. Ya shiga zaure ya buɗe baki zai yi sallama, ba abin da ya fito. Yini guda na hayaƙi da horon Bappa ya toshe maƙogwaron gaba ɗaya. Ya dafa bango, ya kakaro daga can ƙasan ƙirji don ya buɗe wa sallamar hanya.

Shi da kansa sai da ya waiwaya ya duba bayansa.

Gidan ya yi tsit. Tabaryar da ake daka da ita a maƙwabta ma ta tsaya. Ya ƙame a wurin, bai shiga ba, bai koma ba. Can ya ji ƙarar murfin kwano ya faɗi a kan siminti yana juyawa, sannan muryar Inna, a shaƙe amma da faɗanta.

"Sa'a! Wannan tuwon na yaushe ne? Ya sandare. Ɗumamo min miya, ki sa man shanu."

Ya sulale ya zauna a kan dakalin zaure. Yana jin Sa'a na gudu tsakanin madafa da ɗaki, yana jin Inna na cewa gishiri bai ji ba. Hawaye na zuba yana sharewa da hular. Sai da aka jima Sa'a ta leƙo, fuskarta a washe, ta duba waje ta dawo.

"Ta cinye, har ta ce a ƙara. Ina motar? Ban gan ta a ƙofa ba."

"Tana bakin gari," ya ce. Maganar ta fito da ƙyar, a dishe, tana gurzawa. "Mai ya ƙare."

Sa'a ta dube shi, ta dubi ƙofar da babu mota, ta sake dubansa. Ta dafe ƙirji.

"Subhanallahi, Malam, ji muryarka yadda ta koma. Bari in haɗa maka zuma da lemon tsami, kafin safe ta washe."

Ya riƙo gefen mayafinta.

"Kar ki kuskura," ya ce.